Zobban Sandar Inna Suna Jikin Makullin Motarka

Zuwa ga ƙanena Isuhu, babban ma'aikaci a birnin Yamai, mai biro, wato ofis, mai sanyi da mota mai baƙin gilashi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutum mai matsayinka, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar taro da ta tafiye-tafiyen aiki da ta ɗaukar hoto, ina sanar da kai cewa mu nan Maijirgi muna nan da ranmu. Damina ta yi kyau, gero ya fara fidda kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Mahaifiyarmu kuma yau mako shida ke nan ba ta taka ƙofar gida ba.

Ka yi haƙuri da na rubuto maka a nan, inda abokanka da nawa da tsofaffin ɗalibaina za su leƙo su karanta. Wayarka tana da wata cuta da likitoci ba su gano ba tukuna: da lambata ta shiga sai ta suma. Amma na lura duk abin da aka rubuta a wannan dandali da sunanka a ciki, kafin shayi ya huce ka gani. To, ga sunanka nan na sa a sama.

Maganar sandar Inna ce. Zan faro ta daga tushe, don ka bar gida tun kana ɗan shekara goma sha biyu, kuma na ga alama a duk makarantun da ka zaga ba a karantar da wannan darasin.

Icen dargaza ce. Baba ya saro ta a dajin Kanan-Bakashe tun ba a haife ka ba, lokacin da yake kora wa mutane shanu zuwa kasuwa. Ya gasa ta a wuta don ta miƙe, ta ƙi miƙewa sarai, ta tsaya da ɗan doro a tsakiya, halin mai ita sak. Wani maƙeri a Urafane ya sa mata ƙarfe a gindi, ya zura zobba biyu a saman ƙarfen, ya tokare su da 'yar ƙusa don kada su haura, ya bar su sako-sako. Da gangan ya bar su haka, Isuhu. Ka sake karanta wannan wurin. Baba ne ya ce a bar su suna kaɗawa, don maciji ya ji tafiyarsa a cikin ciyawa ya ba shi hanya, shanu kuma su san yana bayansu.

Kowace Juma'a da sassafe ake yi mata hidima, kuma tun ina ɗan shekara tara hidimar ta faɗo kaina, don ni ne ɗan fari. A goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a jingine ta a inuwa ta sha iska. A ɗebi man shanu da ɗan yatsa, a murza a tafin hannu har ya narke, a bi ta da shi daga ƙasa zuwa sama, a yi ta murzawa har itacen ya daina sha. Ƙarfen da zobban a cuɗe su da toka. Daga nan a rataye ta a ɗakin girki, hayaƙin safe ya ratsa ta har lokacin tafiya masallaci, don kada ƙwaro ya huda ta. In rani ya tsananta, itace ya tsuke, ƙarfe ya fara girgiɗi, sai a tsoma gindin a kasko da ɗan ruwa har ya kumbura. Baba yana zaune a kan buzu yana kallona, maganarsa kullum ɗaya ce: "Ba a wanke ta, ba a shanya ta a rana, ba a kwantar da ita a ƙasa. Wurin hannu kuma kada ka taɓa mini, wannan nawa ne."

Ban taɓa son aikin ba. Duk Juma'a da ƙarnin man shanu nake shiga lekol. Akwai ranar da malaminmu ya ɗaga littafina da yatsa biyu, ya shinshina, ya tambayi 'yan aji ko a cikin ƙwaryar nono nake ajiye karatuna. Shekara guda suna kirana da sunan da ba zan rubuta a nan ba, don wasunsu suna karantawa. Kai kuwa da ka taso, aikinka a wannan hidima shi ne ka zauna a cinyar Inna kana dangwalar man kana lashewa. Na tuna da haka kwanakin nan, na ga ashe rabon aikin bai canza ba.

Da Baba ya rasu, sandar ta koma jikin bango. Na ci gaba da shafa mata mai, ban san dalili ba. Wataƙila sabo ne, wataƙila tsoro, don har yau in na ga ta yi fari sai in ji kamar an yi gyaran murya a bayana.

Sai idon Inna ya fara tafiya. Ka tuna mun kai ta Maraɗi a motarka, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta mutu. Ta dawo ta yi kwana goma a ɗaki. Ran na goma sha ɗaya ta ce wa Hadiza matata a sauko mata da sandar mai gidan.

Abin da ya biyo baya ba ka gani ba, don haka bari in ba ka labari. Da wannan sandar Inna ta sake koyon garin da aka haife ta a ciki. A lungunmu rairayi ne, zobban sukan yi ƙara a dakushe. In ta kai faƙon gaban masallaci sai muryarsu ta washe. Simintin famfo yana da tasa amsar, ƙofar kwano ta shagon tela tana da tata, darnin karan gidan Iya Tabawa kuma da ta taɓa shi ta san ta iso. A wurin riƙo akwai wani ɗan gurbi da babban yatsan Baba ya haƙa a hankali cikin shekaru. In ta sa yatsanta a ciki, doron sandar yana fuskantar gaba, gindin kuma yana sauka daidai inda take zato. Ba wanda ya koya mata. Da faɗuwa da tashi da buge goshi ta koya, wata uku, ina biye da ita daga nesa tana korata.

Garin ma ya koye ta. Matan da ke daka sukan fara gaishe ta tun ba ta karyo kwana ba. 'Yan kabu-kabu sukan rage wuta. A lungun bayan masallaci, inda katanga biyu suka matse hanya har mai zuwa ba ya ganin mai tafiya, Idi mai amalanke yakan ja linzamin jakinsa da zarar ya ji zobban, ya tsaya har ta wuce, ta tsokane shi a kan jakin da ya fi shi ƙiba. Kowace safiya haka take zuwa gidan Iya Tabawa, ƙawarta tun suna amare, su zauna a inuwar itacen bedi suna ɓarar gyaɗa suna yanke wa mutanen gari hukunci. Shekara bakwai, Isuhu. Ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Sai ka zo Babbar Salla.

Washegarin salla aka kira ni Tasawa gyaran takardun jarrabawa, don haka abin da ya faru daga bakin Hadiza na ji shi, kuma Hadiza ba ta ƙara gishiri, wannan ne babban aibinta a matsayin mai ba da labari. Ta ce ka ɗauki sandar da yatsa biyu, kai ma, ka shinshina, ka tambaya ko da ita ake tuƙa miya. Ka girgiza ta, zobban suka amsa, ka ce abin kunya ne uwar mutum kamarka ta riƙa yawo a gari tana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Inna ta ce ka bar ta haka. Ka ce ta bar maka komai a hannunka. Ta sakar maka ita, don tun da aka haife ka ba ta taɓa ce maka a'a sau biyu a jere ba.

Ka sa sandar a mota ka kai wa wani kafinta a Tasawa. Ta gaban lekol ɗin da nake zaune ina fama da rubutun yara ka wuce, zuwa da dawowa. Da ka tsaya minti biyu ka tambaye ni, da ban rubuta wannan wasiƙar ba. Amma me malamin ƙauye ya sani game da sanda, ban da shekara arba'in da ya yi yana shafa mata mai?

Da la'asar ka dawo da ita rawaya fes, kamar ƙafar sabon tebur. An goge ta da takarda mai yashi har baƙin ya fita, an shafa mata barni mai ƙyalli har sau uku. An datse yatsa uku daga gindin saboda wata tsaga, tsagar da na ɗaure da jijiyar bijimi tun kana kwaleji kuma ba ta ƙara ko ƙwayar gero ba. An cire ƙarfen da zobban, an kafa baƙar roba irin ta sandunan asibiti. Gurbin yatsan Baba kuma an shafe shi sumul, don kafinta mutum ne mai son aikinsa ya fita daidai.

Ka zaunar da Inna a kujera, ka riƙa mata sandar, ka durƙusa a gefenta aka ɗauke ku hoto. Ka rubuta wasu kalmomi masu daɗi game da haƙƙin iyaye. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, kowa yana roƙon Allah ya ba shi ɗa irinka. Zan faɗi gaskiya, ni ma na danna alamar yabo daga Tasawa, don ban gane sandar ba. Na zaci sabuwa ka sayo, na ce a raina yaron ya kyauta, za ta gode ta cusa ta bayan gado. Ban san gawar tsohuwar nake kallo ba.

Na karanta tarihin garuruwa da yawa da aka rushe. Abin da littattafan ba su cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin masu rushewar da kayan gyara suka shigo, kuma sun tafi suna jiran godiya. A furoje ɗinku na raya karkara na san irin wannan aikin yana da dogon suna na Faransanci, kuma akan rubuta masa rapor, wato rahoto. In ba ka rubuta naka ba tukuna, ga abin da za ka sa a shafin sakamako.

Ka tafi da safe. Kwana biyu Inna tana jujjuya sandar a hannu tana cewa ta yi santsi kamar fatar jariri. Ran na uku ta fita. Robar ba ta magana, rairayi da faƙo duk ɗaya ne a wurinta. Tafin hannunta ya yi gumi, barnin ya yi sulɓi, sandar ta juya ba ta sani ba, doron ya koma gefe. Ga shi ta gajarce, sai ta riƙa sunkuyawa tana lalube. A lungun bayan masallaci tana tsakiyar hanya, ita kuwa a zatonta jikin katanga take. Idi ya taho da taki a amalanke. Ya kasa kunne yadda ya saba, bai ji komai ba, ya karyo kwana. Itacen amalanken ya bugi kafaɗarta, ta faɗi a kan kwankwaso.

Idi ya zubar da takin a nan tsakiyar hanya, ya ɗora ta a amalanken ya kawo ta gida. Da na dawo daga Tasawa na same shi a zaurenmu, mutum mai jikoki, yana share hawaye da hula yana rantsuwa cewa ya saurara. Na ce masa na sani. Ya zo ya ba da haƙuri sau huɗu a kan laifin da ba nasa ba. Ina lissafa maka ne don ka san farashin haƙuri a nan ya faɗi ƙwarai, ko kana da niyyar kawo naka.

Likita ya duba ta ya ce ba karaya, buguwa ce. Ya ce ta huta mako guda, daga nan dole ta tashi ta riƙa takawa, ko tana so ko ba ta so. Ya ja ni gefe ya ce mai shekarunta in ta zauna wata biyu, ƙafa takan manta aikinta, kuma ba kasafai take tunawa ba. Mako shida sun tafi. Kai ne gwanin lissafi a gidanmu, ka cire ka ga abin da ya rage.

Ban zauna ba. Na fasa kwalba na zaɓi ɓallin da ya fi kaifi, na zauna a inuwa bayan la'asar ina kankare barninka, kwana biyar. Yana fita kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinsa itacen fari fat kamar ƙashi, baƙin nan na shekara hamsin da hayaƙi da mai da gumi suka gina duk takardar kafinta ta cinye shi. Na sayo man shanu mai kyau wurin wata Bafulatana ran kasuwa. Itacen ya sha kamar wanda ya kwana a daji, na shafa ya shanye, na sake ya shanye. Na rataye ta a ɗakin girki mako guda, har Hadiza ta ce in ina so ta ƙara mata gishiri. Launin ya fara dawowa kaɗan. Da na zo wurin riƙo na ɗauki wuƙa zan fafe gurbin, sai na ajiye. Yatsana ba na Baba ba ne, kuma abin da hannu ya haƙa a hankali ban ga yadda wuƙa za ta yi shi da yamma ɗaya ba. Na ɗan goga wurin da dutse don ta san gaba da baya, na bar shi.

Ran kasuwar Urafane na hau kabu-kabu na je wurin maƙera. Wanda ya yi aikin farko ya daɗe da rasuwa, jikansa ne a bakin wuta. Ya ƙera dogon ƙarfe don ya mayar da yatsa ukun da ka datse, ya yi zobba biyu da guntun ƙarfen mota. Na dawo na zaga tsakar gida da ita sau uku, ido a rufe, ina saurare, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna tausaya wa Hadiza. A kunnena ta yi daidai.

Na miƙa wa Inna. Ta kai ta kusa da kunne ta girgiza sau ɗaya, ta buga a ƙasa sau ɗaya. Ta ce, "Wagga muryar baƙo ce. Wa za shi kauce ma baƙo?" Ta kwantar da ita a ƙasa. A ƙasa, Isuhu, a gidan Baba.

Na koma mako na gaba, aka sake wasu da ƙarfen tsohuwar hauya. Ko karɓa ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta ji ta juya kai. Maƙerin ya ce in daina wahalar da kaina da shi. Ya ce zobban farko da ƙarfen da kakanninsu suka narka da hannunsu aka yi su, kuma shekaru sun cinye su har sun yi siriri, wannan muryar ba a ƙera ta, sai dai in nemo tsofaffin.

Na nemi kafintanka a Tasawa har na same shi. Na shirya zan tone tarin garin katakon da ke bayan shagonsa da hannuna. Ya ce kada in ɓata tufafina, Alhajin da ya kawo sandar ya sa zobban a aljihu, ya ce abin tunawa da mahaifinsa ne. Ya ƙara da cewa shi ma sai da ya ce maka zobban nan kamar da gangan aka bar su haka, kai kuma ka ce masa ya yi aikin da aka sa shi. Ka ga ko kafinta ya fi ka karatun sanda, kuma shi bai taɓa lashe man ba.

Na dawo gida na bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya ina buɗa su da yatsa kamar ɗan sanda. A wani gidan abinci, a kan farin tebur, kusa da kofin lemo, ga makullin motarka. Ga zobba biyu baƙaƙe a jikinsa. Ka cire su daga sandar makauniya don suna ƙara, ka rataya su a makulli inda suke yi maka ƙara duk yini. Ina fata suna tuna maka da Baba yadda ya kamata. Da yana nan, da ya tuna maka da kansa, kuma da wannan sandar zai yi.

Yanzu bari ka ji yadda uwarka take. Daga tabarma ta koma gado. A zaune take salla. Hadiza ce ke kai mata buta, ita ke riƙe ta zuwa bayan gida, matar da ko a lokacin da idonta ya tafi ba ta yarda wani ya raka ta can ba. Ƙafafunta sun fara kumbura, in na danna yatsa gurbin yakan jima bai cike ba. Iya Tabawa, da nata ciwon gwiwar, ta zo sau biyu a amalanken Idi. Suka zauna kamar baƙi, hirarsu ba ta saba da ɗaki ba.

Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ita ce ta yi ganganci, tsufa ne. Sunanka bai fito daga bakinta ba ko sau ɗaya a wannan maganar. Ta hana ni gaya maka, ta ce kana da aiki a gabanka, kada a tayar maka da hankali. Wannan wasiƙar saɓa mata ce, kuma zan amsa laifina in ta tashi ta zo ta same ni.

Akwai kuma abin da ban so rubutawa ba. Fushi take da ni. Ka san ba ta faɗin sunana, kunyar ɗan fari, sai dai ta bi ta kan Hadiza ko da ina zaune a gabanta. Ranar da ta shafa sandar ta ji ƙyallin ya tafi, ta ce, "Mijinki ya kankare kyautar yaro." Robar nan da na cire na jefar bayan ɗaki, ta sa an nemo mata. Hadiza ta gan ta ɗaure a bakin zanenta, wurin da take ƙulle goro.

Shekarata hamsin da biyu, furfura ta cinye gemuna, na san abin kunya ne mutum kamata ya zauna yana auna wanda aka fi so. Na auna duk da haka. Juma'o'in shekara arba'in a gefe ɗaya, barnin yamma ɗaya a ɗaya gefen, kuma na ga inda ma'aunin ya rinjaya. Ba laifinka ba ne wannan, shi ya sa ya fi ba ni haushi. Na kuma san ba mugunta ta sa ka ba. Kai ne ka kai ta Maraɗi, maganinta bai taɓa yankewa ba saboda kai. Ka ga abu baƙi a hannun uwarka, ka so ka ga mai ƙyalli. Ni ne na goya ka daga gona har gida ranar da kunama ta harbe ka, kana ihu a kunnena kana dukan kaina kamar ni na harbe ka, don haka na daɗe da sanin yadda ƙaunarka take sauka a kan mutum.

Da farko niyyata in ce ka sa zobban a ambulan ka ba direba a tasha, in karɓa a Tasawa, kowa ya huta da ganin fuskar wani. Abin da ya faru ran Talata ne ya canza mini shawara.

Wata mota ta shigo lungunmu da hantsi, ta masu sayen wake ce, direban ya danna oda a ƙofar gida. Hadiza tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce kafin ta juya, Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ba sanda, ba mai riƙe ta. Ta yi taku uku a tsakar gida tana gyara ɗaurin kallabi, tana tambaya, "Isuhu ne?" Da aka ce mata ba kai ba ne, a nan inda take ta zauna a ƙasa, sai da muka ɗauke ta mu biyu.

Ashe ƙafar tana nan. Ni na yi mako shida ina lallashi, ina wa'azi, ina kawo maganar likita, ban samu taku ɗaya ba. Odar motar da ta yi kama da taka ta samu uku.

Saboda haka kada ka aiko da komai. Na san ka, kana gama karanta wannan za ka fara tambayar inda ake sayar da keken marasa lafiya, mai ƙyalli, a naɗe a leda. In ka aiko da shi, na rantse Idi zan ba ya riƙa ɗaukar taki. Kai nake so, da zobban a hannunka, kafin a buɗe lekol in koma aji, don daga ranar safiyata ba tawa ba ce.

Ka ajiye motar a gaban masallaci, ka bar wayar a ciki. Daga can ka ba wani yaro zobban ya kawo mini in mayar da su wurinsu, aikin minti goma ne, in jingine mata sandar a gefen gado. Sai ka zo bakin zaure ka yi sallama da ƙarfi, ka tsaya. Za ta ce ka shigo. Kada ka shigo. Za ta sake cewa, za ta yi maka kirarin da take yi maka tun kana yaro, wataƙila ta yi kuka. A nan ne nake so, sau ɗaya a rayuwarka, ka bar ta ta wahala saboda kai da saninka. Ka ce mata ƙafarka ce ke ciwo, ka ce duk abin da ka ga dama, ƙaryar taro ba ta ƙare maka ba. Washegari ka tsaya a gaban masallaci. Ran na uku a ƙofar Iya Tabawa, ta ratsa lungun nan da ta faɗi, gari ya sake jin tafiyarta. Ban tabbata zobban za su yi tsohuwar muryarsu a kan sabon ƙarfe ba. Ban tabbata da komai ba, sai taku ukun nan.

Kada ka ji tsoron za ta faɗi. Ina gefenta na hagu, hannuna a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Ba za ta lura ba, kai take saurare.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya mayar wa Inna ƙarfin ƙafarta da ƙarfin zuciyarta, ya nuna mana ranar da za ta sake zagin jakin Idi a tsaye. Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya. Ni kuma ya ba ni haƙurin da zan iya miƙa maka hannu a gaban mutane, don a yau ban same shi ba tukuna.

Wanka,
Lawali
Maijirgi